Zanen girbi da fastel a Faransa: shin haka aikin gona yake?

Malamin Zane, Gadarif

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe da iyayena da yayyena da ke wannan zaure, da fatan damina ta yi albarka a wajen kowa. Ni malami ne a wata makarantar sakandare a nan Gadarif ta ƙasar Sudan, kuma ban da darasin da aka ɗauke ni dominsa, nakan zauna da wasu ɗalibai bayan an tashi muna koyon zane da fensir da gawayi. A cikin neman abin da zan nuna musu ne na ci karo da hotunan ayyukan wani Bafaranshe mai suna Léon Lhermitte, waɗanda aka ce da fastel ya yi su, wato allin nan mai launi da ake gogawa a takarda ba ruwa ba mai. Yawancin waɗanda na gani girbin alkama ne: maza suna yanka, mata suna ɗaure dammuna, wata ta zauna a gindin tarin dami da jariri a cinyarta, ga kogi can nesa, ga haske mai ruwan zinariya ya lulluɓe gonar baki ɗaya.

Abin da ya sa na kawo maganar nan shi ne yadda ɗaliban suka karɓi hotunan. Akasarinsu 'ya'yan manoma ne ko na 'yan ƙwadago, wasunsu ma da hannunsu suke yankan riɗi idan lokacinsa ya yi. Ɗaya daga cikinsu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce zanen ya yi kyau ƙwarai, amma mutanen da ke ciki ba su yi kama da waɗanda suka wuni a rana ba, domin bai ga zufa ba, bai ga ƙaiƙayi a wuyan kowa ba, bai kuma ga mai gona tsaye a kansu ba. Maganar yaron ta tsaya mini a rai, kuma ba na so in ba shi amsar da ban tabbatar da ita ba.

Shi ya sa nake tambayar masu sani. Su waɗannan masu zane na Faransa sun san gona da gaske, ko kuwa mutanen birni ne da suka ƙawata wahalar talaka domin attajirai su rataya a ɗakunansu? Me ya sa kuma suka zaɓi fastel, alhali an fi sanin Turawa da fentin mai, wato mene ne wannan allin yake iya nunawa a girbi wanda fenti ba ya nunawa? Sannan ina da burin in fita da yaran gona idan an fara yankan riɗi da dawa, su zana iyayensu da maƙwabtansu a bakin aiki, to ko hakan zai yiwu da irin wannan allin a zafinmu da ƙurarmu, ga shi kayan zane sun yi wuyar samu tun da yaƙi ya ɓarke? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Mai Nazarin Tarihi, Bur Sudan

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya yi wa wannan aiki naka albarka. Zan haɗa tambayoyinka biyu na farko, domin amsar ɗaya tana cikin ɗayar, amma sai mun koma baya kaɗan, saboda ba a fahimtar Lhermitte sai an bi ta kan Jean-François Millet, wanda ya girme shi da shekara 30 kuma shi ya share masa hanya.

An haifi Millet a 1814 a wani ɗan ƙauye mai suna Gruchy a yankin Normandi, a gidan manoma, kuma ya yi aikin gona da hannunsa har ya kusa shekara ashirin kafin ya tafi koyon zane. Sai dai gidansu ba na 'yan ƙwadago ba ne, suna da gonarsu ta kansu, har limaman cocin yankin suka koya masa Latin, don haka ya san aikin daga ciki, amma bai tashi a gidan da ake jiran kuɗin yini kafin a ɗora tukunya ba. A 1849 ya bar Paris ya koma ƙauyen Barbizon a bakin dajin Fontainebleau, nan ya zauna har ya rasu a 1875. Zanensa da ya fi shahara a kan girbi shi ne Masu Kala, na 1857, wanda yake gidan adana zane na Orsay a Paris, kuma ya kamata a lura cewa da fentin mai ya yi shi, ba da fastel ba. Mata uku ne a gaba suna tsintar zangarniyar alkamar da ta zube bayan an kwashe girbi, a bayansu can nesa ga manyan tarin dammuna, ga amalanke ana loda, ga wani a kan doki yana lura da ma'aikata. To ka ga mai tsayawa a kan mutane da ɗalibinka ya nema yana nan, sai dai an ajiye shi nesa, ƙarami, inda sai mai lura zai gan shi. Lokacin da aka baje zanen wasu masu sharhi na Paris sun ji haushinsa, domin juyin juya halin 1848 bai daɗe da wucewa ba, kuma a ganinsu ba wa talauci irin wannan girma tunzura talakawa ne.

Shi fastel garin launi ne da aka cakuɗa da farin alli da ɗan ƙaro kaɗan, aka mulmula aka bar shi ya bushe. A ƙarni na 18 kayan zanen fuskokin manya ne, domin idan aka murza shi da yatsa yana fitar da laushin fata da sheƙin siliki da karammiski, kuma gwaninsa a lokacin, Maurice Quentin de La Tour, mutanen fadar sarki Louis na 15 yake zanawa. Bayan juyin juya halin 1789 darajarsa ta faɗi. Abin da Millet ya yi shi ne ya ɗauki allin fada ya kai shi gona, ya kuma sauya yadda ake riƙe shi. Daga 1865 wani attajiri mai zanen gine-gine, Émile Gavet, ya riƙa ba shi kuɗi da kayan aiki yana karɓar zane-zanen fastel daga hannunsa, kuma a 'yan shekarun nan ne ya yi mafi yawan ayyukansa na wannan fanni. Yakan fara kafa siffar mutum da baƙin alli mai tauri, sannan ya bi da gajerun layukan launi, ɗaya kusa da ɗaya, ba ya murje su su zama sumul, har ana ganin takardar a tsakaninsu. A ganina nan ne amsar tambayarka ta biyu take. Kara da tushiyar alkama da ƙurar masussuka busassun abubuwa ne marasa sheƙi, fastel ma busasshe ne marar sheƙi, layi ɗaya na allin yana iya zama kara ɗaya, alhali fentin mai yana da danshi da ƙyalli ko bayan ya bushe. Ga shi ba a jiran ya bushe, kuma launin da ka goga shi za ka gani, ba ya sauyawa.

Ina roƙonka ka nemo wa yaran Hutun Rana Tsaka, fastel na 1866 da ke gidan adana zane na Boston a Amurka, inda aka tara ayyukan Millet masu yawa da wani attajirin garin, Quincy Adams Shaw, ya saya, iyalansa suka bayar a 1917. Ƙaramin zane ne, namiji da mace sun kwanta a inuwar tarin dami barci ya kwashe su, namijin ya rufe fuska da malafa, ya cire takalman katako ya ajiye, ga lauje biyu a gefe. A watan Yunin 1875, 'yan watanni bayan rasuwar Millet, Gavet ya yi gwanjon zane 95 a Paris, kuma cikin waɗanda suka je kallo har da Vincent van Gogh, wanda daga baya ya zama shahararren mai zane, yana ɗan shekara 22 yana aiki a shagon dillalan zane, wanda ya rubuta wa ƙanensa cewa da ya shiga ɗakin ji ya yi ya kamata ya cire takalmi domin wurin mai tsarki ne. Daga baya, tsakanin 1889 da 1890, ya kwaikwayi wannan hutun na rana tsaka da fentin mai.

Shi kuma Lhermitte an haife shi a 1844 a Mont-Saint-Père a bakin kogin Marne, ɗan malamin makarantar ƙauye ne, ya tashi cikin manoma amma ba manomi ba ne. Da gawayi ya fara yin suna, sannan a 1882 ya fito da Biyan Masu Girbi, babban zanen fentin mai wanda gwamnati ta saya, yanzu yana Orsay. Wannan aikin ba ado a cikinsa. Daga tsakiyar shekarun 1880, lokacin da aka kafa ƙungiyar masu zanen fastel ta Faransa a 1885, ya dukufa kan fastel, ya yi su da yawa ƙwarai, masu saye a Paris da Ingila da Amurka suna rububinsu. A nan nake ganin ɗalibinka yana da gaskiya. A 1851 kusan kashi uku cikin huɗu na mutanen Faransa a karkara suke, amma ƙidayar 1931 ta nuna mazauna birni sun fi yawa, kuma a tsakanin nan injin yankan alkama yana ta shiga manyan gonaki. Lhermitte ya rayu har 1925, yana ta zana masu yanka da hannu cikin hasken yamma, domin mutanen birnin da ke sayen aikinsa ƙauyen da suka baro suke kewa, ba wanda yake nan a lokacin ba. Ban ce ƙarya ya zana ba, hannunsa ya san yadda jiki ke lanƙwasa a bakin aiki, amma ya zaɓi sa'ar da gona ta fi kyau ya bar sauran sa'o'in.

Dattijo daga Jazira

Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini wannan magana, ya kuma nemo mini hotunan a wayarsa, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Ni ban san tarihin Faransa ba, amma a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadagon gona, aka haife ni, na tsinci auduga tun ina yaro, na yanki dawa, na je yankan riɗi a ƙasarku ta Gadarif a shekarun da nake da ƙarfi, don haka, ɗana Malam, bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Wanda ya zana matan nan uku ya san aiki. Ku dubi wadda ta sunkuya tana tsinta da hannu ɗaya, ɗaya hannun ta mayar da shi bayanta riƙe da abin da ta tara. Wannan ba abin da mutum zai ƙirƙira daga kansa ba ne, haka ake yi idan ƙugu ya fara ciwo, ana ɗora hannu a kansa don a rage masa nauyi. Ku dubi ta ukun kuma, wadda ta ɗago amma ba ta miƙe ba. Duk wanda ya wuni a sunkuye ya san cewa baya ba ya miƙewa lokaci ɗaya, sai a hankali, kuma sau da yawa mutum yakan fasa miƙewar gaba ɗaya domin ya san yanzu zai sake sunkuyawa. Na kuma ga masu barcin nan. Cire takalmi da ajiye lauje kusa da hannu, da yadda namijin ya baje bai ko gyara kwanciya ba, wannan barcin gajiya ne, ba barcin jin daɗi ba. Ba sai an zana zufa ba, ka gaya wa yaron nan haka, a gaɓoɓi ake ganin gajiya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na ranar biya. Ga wani tsoho zaune a kan benci a gefe da dogon laujensa, yana kallon gabansa ba ya ganin kowa, a bayansa ana ƙirga wa wasu kuɗi, ga mace tana shayarwa. Na san wannan zama. Idan aka gama auna audugar da ka tsinta aka ƙirga maka abinka, akwai ɗan lokacin da kake zama ba ka murna ba ka baƙin ciki, kana lissafi a zuci, ka san kuɗin sun ƙare tun kafin ka tashi.

Amma ba zan goyi bayan yaron a kan komai ba, kuma ina neman afuwar ɗan'uwanmu na Bur Sudan idan na ɗan saɓa masa. Girbi yana da daɗi. Idan damina ta yi kyau, ka tsaya da yamma ka ga dammunan riɗi a jingine jere-jere har iyakar ganinka, iska ta yi sanyi, an kawo shayi, mutane suna raha, wallahi akwai wani haske da gona take yi a wannan lokaci wanda ko ɗan ƙwadagon da ba shi da taƙi ɗaya a cikinta yana jin daɗinsa. Wanda ya zana wannan sa'ar bai ci amanarmu ba. Wanda ya zana mu kullum a wahalce kuma, ba dariya ba ado, shi ma bai faɗi gaskiya duka ba, kuma ni ba na so jikokina su ga kakanninsu a matsayin abin tausayi kawai.

Abin da ban gani a ko ɗaya daga cikin hotunan ba shi ne bashi. A wajenmu, idan damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, mutum yakan je wajen ɗan kasuwa ya karɓi hatsi ko kuɗi a kan zai biya da amfanin gona a farashin da ɗan kasuwar ya yanka, abin da ake kira shel, sai kaka ta yi ka ga buhunanka suna hawa motar wani. Na taɓa noma shekara guda cur wadda rabin abin da na samu a haka ya tafi. Idan yaranka za su zana girbinmu, su zana buhuna a kan mota da mai gonar tsaye yana kallo.

Malama daga Mai Wurno

Assalamu alaikum. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, maganarka a kan hannun da ke bayan ƙugu ta sa na koma na sake kallon zanen. Ina so in ƙara wani abu a kan kala, domin a nan ne aikin mata yake, kuma ɗalibanka mata, Malam, su ne za su fi gane shi.

A Faransa kala hakki ne da doka ta sani. Tun 1554 wata dokar sarki Henri na 2 ta ba tsofaffi da yara da naƙasassu da marasa ƙarfi izinin shiga gona bayan an kwashe dammuna su tsinci abin da ya rage, kuma al'adar da aka bi ita ce a yi shi da rana, daga fitowarta zuwa faɗuwarta, da hannu kawai. Saboda haka matan nan uku ba ma'aikatan mai gona ba ne, suna ƙasa da ma'aikatan, su ne waɗanda ba a ɗauka aiki ba, kuma tazarar da ke tsakaninsu da tarin dammunan ita ce maganar zanen. Mu ma mun san wannan. Bayan an cire gyaɗa mata da yara sukan bi gona da ɗan ƙarfe da ƙwarya suna tona abin da ya maƙale a ƙasa, haka kuma bayan injin girbi ya wuce a gonar dawa, kuma na san gidajen da kalar nan ce cefanensu na watanni. Addininmu ma ya yi umarni a Suratul An'am, aya ta 141, da a bayar da hakkin amfanin gona ranar girbinsa, kuma manoman kirki a wajenmu ba sa korar mai kala.

Abin da ya burge ni a fastel ɗin Millet shi ne bai tsaya a gona ba, ya bi matan har gida. Akwai wani a Orsay na wata mata tsaye tana kaɗa madara a doguwar tukunyar katako don fitar da man shanu, kyanwa tana goga jiki a ƙafarta, ƙofa a buɗe ana hango tsakar gida. Akwai na makiyaya mata da ke saƙa suna tsaron tumaki. Wannan aiki ne da ba a biya, ba a kuma ƙirga shi cikin girbi, amma ya ba shi takarda guda sukutum. Ina fata 'yan matan ajinka za su zana sussuka da shiƙa da daka, musamman shiƙa, domin ƙaiƙayin da iska ke ɗauka daga faifai abu ne da busasshen alli zai iya nunawa sosai. Sai dai a nemi izinin matan tukuna, a kuma nemi na mazajensu inda ya kamata. Ba lallai ne a zana fuska ba, su kansu matan Millet ɗankwali da sunkuyo sun rufe fuskokinsu, kuma hakan zai sauƙaƙa wa iyayen da ke da damuwa a kan zanen mai rai, wanda wannan magana ce da malamanku na gari za su fi ni bayani a kanta.

Tsohon Ɗalibin Kwalejin Zane, Kasala

Malam, barka da ƙoƙari. Ni tambayarka ta uku zan amsa, domin na yi aiki da wannan allin lokacin da nake karatu a Khartum.

Da farko ka yi hattara da abin da ake sayarwa a kantunan kayan rubutu da sunan fastel, yawancinsa mai maiƙo ne, wanda aka haɗa da mai da kakin zuma ko makamancinsa. Wannan sabon abu ne na ƙarni na 20, Millet bai san shi ba, kuma a zafin watan Oktoba yana yin laushi ya danƙare a takarda. Busasshen kuwa zafi ba ya yi masa komai. Maƙiyansa su ne danshi, wanda ke kawo fumfuna da damina, da girgiza, da hannun mai taɓawa, domin garin launin zaune kawai yake a kan takarda kamar gari a kan faifai. Shi ya sa ko Orsay, da ke da fastel kusan 500, ba ta baje su kullum, sai lokaci-lokaci, irin baje kolin da ta yi a 2023.

Za ku iya yin naku, kuma abin ɗaurin a ƙasarmu yake. Masu haɗa fastel a Turai sun yi amfani da ƙaro iri biyu, da kasira da ake kawowa daga Iran da Turkiyya, da ƙaron hashab wanda Sudan ce kan gaba wajen fitar da shi a duniya, kuma ana samunsa a jiharku. Ku nemi jar ƙasa da rawayar ƙasa da farar ƙasa, da gawayi don baƙi, da bula ta wanki don shuɗi, ku niƙa kowanne ya yi laushi sosai, ku tankaɗe da ƙyalle. Ku jiƙa ƙaro kaɗan a ruwa mai yawa, ku riƙa ɗiga shi a garin har ya haɗu ya daina manne wa hannu, sannan ku mulmula shi tsawon yatsa ku shanya a inuwa. Idan allin ya bushe ya yi tauri yana karce takarda, ƙaron ya yi yawa, sai a ƙara ruwa a kwaɓi na gaba, idan kuma yana marmashewa a hannu, ƙaron ya yi kaɗan. Kowace ƙasa da nata gwargwado, don haka yaran su riƙa rubuta abin da suka zuba. Daga launi ɗaya za ku fitar da huɗu ko biyar ta hanyar ƙara farar ƙasa, kuma launukan ƙasa su ne ainihin launukan kaka a wajenmu.

Takarda mai santsi ba ta riƙe garin. Takardar buhun siminti mai ruwan ƙasa, idan aka kakkaɓe ta aka shimfiɗe, ta fi farar takardar makaranta, kuma launinta zai tsaya muku a matsayin ƙasar gona ba sai kun shafa komai ba. Kada a hura zane da baki, a juya shi a ɗan buga bayansa. Idan an gama a ɗauki hotonsa da waya nan take, sannan a ajiye shi a kwance tsakanin takardu masu santsi cikin akwati, idan kuma za a sa a firam, kada gilashi ya taɓa fuskar zanen.

Malamin Zane, Gadarif

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Baba, na karanta wa yaran maganarka, kuma wanda ya fara tayar da zancen ya ce kakarsa ma haka take riƙe ƙugu. Mun riga mun fara tara ƙasa. Abu ɗaya ya rage mini: yankan riɗi aikin gaggawa ne, idan aka yi jinkiri kwanson ya fashe ƙwayar ta zube, kuma masu yanka da yawan abin da suka yanka ake biyansu, ba wanda zai tsaya wa yaro ya zana shi. Yaya su waɗancan suka yi da wannan matsala?

Mai Nazarin Tarihi, Bur Sudan

Baba, na karɓi maganarka a kan hasken yamma, kai ka tsaya a cikinsa. Malam, matsalar da ka kawo su ma sun gamu da ita, domin girbin alkama a arewacin Faransa, a watannin Yuli da Agusta, shi ma tsere ne da ruwan sama, har manyan gonakin kewayen Paris sukan ɗauki 'yan ci-rani daga Beljiyam, yadda gonakinku ke ɗaukar masu zuwa daga Habasha da sauran sassan Sudan. Millet ba ya kafa allon zanensa a gona. Yakan zaga yana kallo, ya yi 'yan ƙananan zane da baƙin alli a littafin aljihu, layi kaɗan da ke kama lanƙwasar baya ko ɗagawar hannu, sannan ya koma ɗakin aikinsa a Barbizon ya gina zanen daga abin da ya riƙe a ka, wani lokaci ya sa wani na gida ya tsaya masa a yanayin da yake buƙata. Lhermitte kuma ya yi karatu a hannun Horace Lecoq de Boisbaudran, malamin da ya shahara da horar da ɗalibai su kalli abu da kyau, a kawar da shi, su zana shi da ka, kuma shahararren mai sassaƙan nan Auguste Rodin ma ta hannunsa ya bi.

Saboda haka ka fara horar da yaran tun a aji kafin ku fita. Ɗaya ya riƙe lauje ya yi motsin yanka na ɗan lokaci, sannan ya zauna, sauran su zana abin da suka gani, a sake, a sake. A gona kuma su tsaya gefe inda ba za su tare wa kowa hanya ba, kowane yaro ya zaɓi mutum ɗaya da motsi ɗaya, tunda mai yanka motsin nan yake maimaitawa daga safe har rana ta yi zafi, su yi da gawayi kawai. Launin sama da na gona su gwada shi a wata 'yar takarda daban da allin da kuka haɗa, su rubuta lokacin da suka ɗauka, domin launin karan riɗi da hantsi daban yake da na la'asar. Lokacin hutun cin abinci ne kaɗai za su sami mutane a zaune, kuma a nan ne za su nemi izini su matso kusa su zana hannuwa da ƙafafu. Haɗa zanen gaba ɗaya a makaranta za a yi shi, a cikin kwana ɗaya ko biyu, kafin abin da suka gani ya dushe musu.